Tuba a Rayuwar Yau da Kullum ta Kiristocin Alƙahira

Duk wanda ya taɓa sauka a birnin Alƙahira, ko don neman ilmi a Jami'ar Azhar, ko don fatauci, ko kuwa ya yada zango ne kawai a kan hanya, abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne hasumiyoyin masallatai da kiran salla da ke tashi daga kowace kusurwa. Amma idan ya ɗan daɗe a garin, ya shiga motar haya ko ya tsaya sayen burodi, ba zai rasa ganin wani ya miƙo hannu karɓar kuɗi ba, ya hangi ɗan ƙaramin zanen gicciye a wuyan hannunsa na dama. Wannan mutum Bakibɗe ne, watau ɗaya daga cikin Kiristocin Masar na asali, waɗanda galibi akan ƙiyasta sun kai kusan kashi 10 cikin 100 na jama'ar ƙasar.

Kibɗawa suna danganta cocinsu ga Markus, marubucin ɗaya daga cikin littattafan Linjila huɗu, wanda suka ce shi ya kawo addinin birnin Iskandariya tun cikin ƙarni na farko. Suna da nasu lissafin shekaru, wanda ya fara daga shekara ta 284, shekarar da Sarkin Rum Diyokiletiyan ya hau mulki, don tunawa da ɗimbin kakanninsu da aka kashe a zamaninsa saboda addini. A cikin ibada suna haɗa tsohon harshen Kibɗanci da Larabci, amma a gida da kasuwa Larabci ne harshensu, kamar sauran Misirawa. Saboda haka idan Bakibɗe zai ambaci Mahalicci, Allah yake cewa, idan kuwa zai yi maganar komawa ga Allah bayan saɓo, kalmar da zai yi amfani da ita ita ce "tauba", wadda daga gare ta ne Hausa ta samo kalmar tuba.

To, akwai wata tambaya da ta dami masu addini a ko'ina cikin duniya. Tuban mutumin da ya yi babban laifi sau ɗaya, ya yi nadama, ya bari har abada, ba ya da wuyar ganewa. Amma yaya za a yi da ƙananan laifuffukan da ba sa ƙarewa, kamar tauye mudu, da ɗaga wa mata murya, da cin naman maƙwabci, da ƙaryar da ake yi wa shugaba a wurin aiki don a kauce wa faɗa? Mutum yakan yi nadamarsu da dare, gari na wayewa ya koma musu. Amsar da cocin Kibɗawa ya bayar tun ƙarnuka masu yawa ita ce, tun da laifin na kullum ne, dole tuban ma ya zama aikin kullum. Don kada abin ya tsaya a fatar baki, sai suka ɗaure shi da abubuwa huɗu da mutum ba ya iya kauce musu: sa'o'in yini, da kwanakin shekara, da wani mutum da zai zama shaida, da kuma haƙƙin wanda aka zalunta.

A fara da sa'o'in yini. Da wuya a shiga gidan Bakibɗe mai riƙo da addini a rasa wani ɗan littafin addu'o'i da ake kira Agbiya, sunan da ya fito daga kalmar Kibɗanci mai nufin sa'a. Littafin ya raba yini da dare zuwa lokutan addu'a 7: da asuba, da hantsi, da tsakar rana, da wajen ƙarfe 3, da faɗuwar rana, da lokacin kwanciya, sa'an nan da tsakar dare. Kowane lokaci ana buɗe shi da addu'ar godiya, sai a bi da zaburar nan da Kiristoci ke ɗauka ita ce addu'ar tuba ta Sarki Dawuda, wadda take ta 50 a lissafin Kibɗawa, ta 51 a Littafi Mai Tsarki na Hausa. Kusa da ƙarshe kuma mai addu'a yakan roƙi jinƙan Ubangiji sau 41 a jere. Kibɗawa suna fassara wannan adadi da bulala 39 da suka gaskata an yi wa Yesu Almasihu, da kambin ƙaya, da sukar mashi.

Ba kowa ke iya cika lokutan nan 7 ba. Direban bas ko ma'aikaciyar asibiti yawanci sukan tsaya a kan ta asuba da ta kwanciya, sauran kuwa 'yan zuhudu ne suka fi kiyaye su. Amma tsarin kansa yana koyar da wani abu. Addu'ar kwanciya an gina ta ne a kan tuna mutuwa da ranar hisabi, watau mutum ya dubi barci kamar ƙanen mutuwa, ya bi yininsa daki-daki ya ga inda ya karkace kafin ya rufe ido. A cikin addu'ar tsakar dare kuma akan karanta labarin wata mace mai zunubi da ta zo tana kuka a ƙafafun Yesu a gidan wani Bafarisiye, mai gidan yana ƙyamarta, Yesu kuwa ya karɓi tubanta. Wanda ya saba jin wannan labari a kowane dare, ana fata zai rage saurin yanke wa wani hukunci.

Jiki ma yana da nasa rabo. Kibɗawa suna da wata irin sujada da suke kira "maɗaniya". Mai addu'a yakan tsaya yana fuskantar gabas, ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa, ya miƙe tsaye, ya sake komawa, sau goma ko ashirin ko fiye, gwargwadon abin da aka tsara masa. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Girkanci da ke cikin Linjila wadda ake fassarawa da tuba, ma'anarta kuwa sauya tunani. Malamansu sukan ce faɗuwar tana nuna zunubi, miƙewar tana nuna tashi daga gare shi, kuma ba a yin ɗaya ba tare da ɗayar ba. Abin lura shi ne an hana wannan sujada a ranakun Asabar da Lahadi, da kuma kwanaki 50 da ke bin Idin Tashin Almasihu, domin a ganinsu kwanakin farin ciki ne, kuma tuban da ya mai da mutum mai baƙin rai kullum ya kauce wa manufarsa.

Abu na biyu shi ne kwanakin shekara. Ba a cika samun jama'ar Kirista da ta kai Kibɗawa yawan azumi ba, gama idan aka tara kwanakin azuminsu sun haura 200 a shekara. Suna azumtar kowace Laraba, don tuna ranar da aka ƙulla makircin bashe da Yesu, da kowace Jumma'a don tuna ranar gicciye, sai fa a cikin kwanakin nan 50 na murna. Akwai azumin kwana 43 kafin bikin Kirsimati, wanda suke yi ran 7 ga watan Janairu. Babban Azumi kuwa, wanda ke zuwa kafin Idin Tashi, kwana 55 ne. Mako biyu kafin a shiga shi akwai wani ɗan gajeren azumi na kwana 3 da ake kira Azumin Yunana, watau Annabi Yunusa, don tuna zamansa cikin kifi da kuma tuban mutanen Nineba.

Yadda suke azumin ya sha bamban da na Ramadan. Mai azumi yakan kame daga ci da sha tun tsakar dare har zuwa wani lokaci na yini, wani azahar, wani la'asar, wani har faɗuwar rana, gwargwadon ƙarfinsa. Idan ya zo buɗe baki kuma, babu nama, babu ƙwai, babu madara ko man shanu ko cuku, a cikin Babban Azumi ko kifi ma babu. Sai wake, da ƙosan da Misirawa ke kira ɗa'amiyya, da miyar adas, da ganyaye da man zaitun. A unguwanni irin su Shubra, inda Kiristoci suke da yawa, masu sayar da abinci sun san kalmar "siyami", watau abincin mai azumi, kuma Musulmi masu shaguna ma sukan tanade shi don abokan cinikinsu.

Lahadin Babban Azumi kowace da karatunta, an jera su kamar matakala. A Lahadi ta uku akan karanta misalin ɗan nan da ya karɓi rabonsa na gado tun ubansa na da rai, ya tafi wata ƙasa ya lalatar, yunwa ta koro shi gida, uban ya hango shi daga nesa ya sheƙa ya rungume shi. A ta huɗu sai labarin mace Basamariya a bakin rijiya, a ta biyar na shanyayyen da ya shekara 38 yana kwance, a ta shida na wanda aka haifa makaho. Masu wa'azi sukan ja hankali ga wani mutum a cikin misalin farko da ake yawan mantawa da shi, watau yayan yaron, wanda bai taɓa barin gida ba, amma ya ƙi shiga wurin liyafa don haushin an karɓi ƙanensa. Sukan ce a cikin masu zuwa coci a kai a kai, masu irin ciwon yayan sun fi masu irin ciwon ƙanen yawa.

Abu na uku, wanda ya fi sauran nauyi ga mutane da yawa, shi ne shaida. Ana son kowane Bakibɗe ya zaɓi limamin coci guda ɗaya wanda zai riƙa zuwa wurinsa yana furta zunubansa. Da Larabci ana ce masa "abul i'itirafi", watau uban da ake furta wa laifi, idan za a yi masa magana kuwa Abuna ake cewa, ma'ana babanmu. Ba a bayan labule ake yi ba. Mutum yakan zauna kusa da limamin a wani gefe na coci, fuska da fuska, ya faɗi abin da ya aikata da bakinsa, ba tare da jingina laifin ga matarsa ko shugabansa ko Shaiɗan ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Limamin yakan saurara, ya yi tambaya, ya ba da shawara, ya tsara wa mutum abin da zai riƙe na addu'a da azumi da karatu daidai ƙarfinsa. Daga nan sai ya ɗora gicciye a kansa ya karanta addu'ar kwancewa daga zunubi. Abin da aka faɗa a nan amana ce, an haramta wa limamin ya fitar da shi ko ga wa.

A kan wannan al'ada ba dukan masu addini ne suka yarda ba. Musulmi sun tafi a kan cewa tuba tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, ba a bukatar wani a tsakani, kuma an fi son wanda Allah ya rufa wa asiri kada ya tona kansa. Kiristoci 'yan Furotesta, har da na Masar ɗin kanta, da mafi yawan ikkilisiyoyin da ke wa'azi da Hausa a Nijeriya da Nijar, su ma ba sa furta zunubi ga limami. Kibɗawa, kamar 'yan Katolika, suna kafa hujja da ikon da suka ce Yesu ya ba manzanninsa, suna kuma ƙarawa da cewa Allah ne mai gafartawa, limami shaida ne kuma mai magani. Suna da wata hujjar ta hankali: zuciya gwanar yaudarar mai ita ce, laifin da mutum ya saba yi wa uzuri a ransa yakan fito da ainihin kamanninsa idan ya ji shi da kunnensa a gaban wani. Limaman unguwa a cocin Kibɗawa masu aure ne, sun san kuɗin haya da rigimar surukai. Su ma kowane yana da nasa uban da yake zuwa wurinsa, har shugaban cocin baki ɗaya.

Abu na huɗu shi ne haƙƙin ɗan'uwa, kuma a nan ne ake gane tuban gaske. Kafin limami ya fara babbar ibadar Lahadi yakan juyo ya rusuna wa jama'a, ya ce ya yi laifi, su yafe masa. Can cikin ibadar akwai wata addu'a da ake kira addu'ar sulhu, bayanta mai taimakon limami yakan yi shela kowa ya gaisa da na kusa da shi, sai a ga mutane suna haɗa tafin hannu da na dama da na hagu. Koyarwar cocin ita ce wanda ke gaba da wani bai kamata ya matso ya ci Jibin Ubangiji ba sai ya je ya nemi shiri, wanda ke riƙe da kayan wani kuma sai ya mayar. Misalin da suka fi kawowa shi ne na Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda tubansa ya fito da alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa da mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Mai sauraro Musulmi zai ga wannan bai yi nisa da sharuɗɗan da ya sani ba: barin laifin, da nadama, da ƙudurin ƙin komawa, da mayar da haƙƙi ga mai shi.

Idan aka tambayi Kibɗawa wane ne gwarzonsu a fagen tuba, da yawa za su ambaci wani baƙar fata da suke kira Musal Aswad, watau Musa Baƙi, wanda ya rayu a ƙarni na huɗu. Bawa ne na wani babban ma'aikaci, aka kore shi saboda sata, ya zama shugaban 'yan fashi a kwarin Nilu. Daga baya ya je ya miƙa kansa ga 'yan zuhudun da ke zaune a hamadar Wadin Naɗrun, kimanin kilomita 100 arewa maso yamma da inda Alƙahira take a yau. Tsofaffin labarai ba su ɓoye cewa ya sha fama ba, shekara da shekaru tsoffin sha'awoyinsa suna dawo masa, har yakan kwana yana ɗebo wa tsofaffin 'yan zuhudu ruwa daga rijiya mai nisa don ya gajiyar da jikinsa. Wata rana aka kira shi zaman hukunta wani ɗan'uwa da ya yi laifi. Sai ya zo ɗauke da wani ƙunshin yashi mai huda a bayansa, yashin na zuba. Da aka tambaye shi dalili, ya nuna musu cewa haka nasa zunuban ke zuba a bayansa bai gani ba, ga shi ya zo hukunta wani. Aka watse, aka yafe wa mai laifin. Bahaushe ya riga ya faɗi wannan a taƙaice: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. An kashe Musa a farkon ƙarni na biyar, sa'ad da mahara suka auka wa wurin, ya ƙi gudu, ya kuma ƙi ɗaukar makami. Har yanzu ana ziyartar gawarsa a gidan zuhudu na Baramus.

A zamanin nan kuwa, mutumin da ya fi kowa fito da wannan koyarwa daga hamada zuwa tsakiyar birni shi ne Baba Shanuda na Uku, shugaban cocin na 117, wanda ya riƙe muƙamin daga 1971 har rasuwarsa a 2012. Tun yana bishop mai kula da ilmi, muƙamin da aka ba shi a 1962, ya fara taron wa'azi na mako-mako, daga baya taron ya zauna a ranar Laraba da yamma a babban cocin Markus da ke unguwar Abbasiyya, wanda aka buɗe a 1968. Dubban mutane sukan hallara, suna aiko da tambayoyi a 'yan takardu, shi kuwa yana amsawa da harshen da ɗan kasuwa zai gane, har da barkwanci. A watan Satumba na 1981 Shugaba Anwar Sadat ya tsare shi a gidan zuhudu na Anba Bishoi, bai dawo Alƙahira ba sai a Janairun 1985. A cikin waɗannan shekaru na tsaro ne, a 1983, aka buga littafinsa a kan rayuwar tuba da tsarki, wanda ya zama ɗaya daga cikin littattafansa da aka fi karantawa. Abubuwa biyu ya fi yi wa mutane kashedi a kansu: jinkirta tuba zuwa gobe, da kuma fid da rai bayan an sake faɗuwa.

Amma inda aka fi ganin wannan koyarwa ta taɓa rayuwar talakawa shi ne a gindin Dutsen Muƙaɗɗam, gabashin birnin, a unguwar Manshiyat Nasir. A nan ne masu kwasar shara da ake kira Zabbalin suke zaune. Mafi yawansu Kibɗawa ne da iyayensu suka yi ƙaura daga ƙauyukan kudancin Masar, musamman yankin Asyuɗ, tun wajen 1940 zuwa gaba, kuma wajen 1970 hukuma ta tattara da yawansu a wannan wuri. Maza sukan fita tun kafin asuba, a wancan lokaci da amalanken jaki, su bi gida-gida su kwaso shara, mata da yara su zauna su tsince ta da hannu, a ware takarda da kwalba da ƙarfe da roba don sayarwa, ragowar abinci a ba aladu. An sha ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na abin da suka kwaso sukan mai da shi abin amfani. A farkon zamansu babu ruwan famfo, babu lantarki, babu makaranta, babu coci, kuma mutanen wurin da kansu suna ba da labarin yadda shaye-shaye da faɗa suka yi yawa.

Wani ma'aikacin maɗaba'a mai suna Farahat Ibrahim, wanda ke wa'azi a lokacin da ya samu sarari, ya saba da mai kwasar sharar gidansu. Mai sharar ya yi ta roƙonsa ya zo ya yi wa mutanensu magana, shi kuwa yana ta jan ƙafa, har wajen shekara biyu. Ana ba da labarin cewa ranar da ya yi niyyar zuwa ma, sai da ya shiga motar da ta nufi wani wajen dabam, kamar yadda Yunana ya yi, kafin zuciyarsa ta dame shi ya sauka ya juyo. Wannan ya faru ne a 1974. Ke nan tuban farko da aka yi a kan wannan dutse na mai wa'azin ne, wanda ya ga cewa ƙyamar da yake yi wa warin unguwar ita ma laifi ce. An fara da ɗan coci na kwano. A 1978 aka naɗa shi limami, aka sa masa suna Abuna Sam'an, don tunawa da Sam'anu baduku, mutumin da tarihin Kibɗawa ya ce ta addu'arsa dutsen ya motsa a zamanin Halifa Mu'izzu, wanda a zamaninsa aka kafa Alƙahira da masallacin Azhar a ƙarni na goma.

Sannu a hankali aka fafe tsoffin ramukan da aka haƙi dutse aka mai da su majami'u, babbar cikinsu tana ɗaukar mutum dubu 15 ko fiye. Aka gina makaranta da asibiti, Abuna Sam'an kuma ya shahara da taron da yake yi kowace Alhamis da yamma. Sai dai abin da mutanen unguwar suka fi ambata idan ana maganar canjin da aka samu ƙarami ne a ido. Mai tsince shara yakan ci karo da abin da masu gida suka zubar bisa kuskure: zoben zinariya, ko agogo, ko kuɗi a cikin ambulan. A da wanda ya tsinta ya samu ke nan. Limaman wurin suka tsaya a kan cewa tun da kowa ya san gidajen da yake kwasa, abin yana da mai shi, a mayar. Ga mutumin da ke kwana kusa da juji, wanda zoben nan zai iya biya masa kuɗin maganin ɗansa, hawa benen mai kuɗi ya ƙwanƙwasa ƙofa ya miƙa shi ba ƙaramin abu ba ne, kuma an sha ba da labarin waɗanda suka yi hakan.

Bai kamata a ƙawata labarin fiye da kima ba. Tuba bai kawar da talauci daga Manshiyat Nasir ba. A 2003 hukuma ta ba kamfanonin waje kwangilar kwasar sharar birnin, a 2009 kuma, lokacin fargabar murar aladu, gwamnati ta ba da umurnin hallaka aladun ƙasar, kimanin dubu 300, abin da ya karya jarin iyalai masu yawa. Akwai masu cewa yana da sauƙi a kira matalauci ya tuba alhali ba a kira wanda ya tauye masa haƙƙi ba, kuma wannan magana tana da nauyi. Su kansu Kibɗawa suna sukar wasu halaye a tsakaninsu: mai azumin kwana 55 da ya ƙi madara amma bai bar gulma ba, da mai zuwa wurin Abuna ya jera laifuffuka iri ɗaya wata bayan wata kamar mai biyan kuɗin lantarki, da mai yawo daga wannan limami zuwa wancan yana neman wanda ba zai matsa masa ba. Hausawa suna da suna ga irin wannan, tuban muzuru, wanda ake yi da kaza a baki.

Abin da malaman cocin ke amsawa shi ne, a bambanta tsakanin wanda ya faɗi yana ƙoƙarin tashi da wanda ya gyara shimfiɗa a inda ya faɗi. Na farko ko sau nawa ya dawo ba a kore shi, gama Musa Baƙi ma bai warke a rana ɗaya ba. Na biyu kuwa ana gane shi ne ta wajen mutanen da ke kewaye da shi. Idan matarsa ba ta ga sauƙi ba, yaron shagonsa bai karɓi haƙƙinsa cikakke ba, wanda ya yi wa ƙazafi bai ji an wanke shi a gaban waɗanda aka ɓata shi ba, to, yawan sujada da cin wake ba su ƙara masa kome ba.

Abuna Sam'an ya rasu a 2023, bayan ya yi kusan shekara 50 yana hidima a wannan unguwa. Cocin kuwa yana ƙarƙashin Baba Tawadros na Biyu tun daga 2012. Masu ziyara daga ƙasashe dabam-dabam suna ci gaba da hawa Dutsen Muƙaɗɗam don ganin majami'un da aka fafe cikin dutse, kuma hanyar da aka fi bi zuwa can ta ratsa ne ta tsakiyar titunan Zabbalin, inda buhunan shara ke jibge a ƙofar kowane gida, mata na zaune suna tsincewa.